Sana'ar da Ba Ta da Sarki

A ƙasar Kabi, duk sana'ar da ta isa a kira ta sana'a tana da babba. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, masunta kuma suna da Sarkin Ruwa. Baƙin da ke zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, gora da homa suke gani, sai kuma dubban mutane da ke rugawa cikin Matan Fada. Ba sa ganin tsarin da ke riƙe da abin: wa ke hana su a wannan ruwa sauran watannin shekara, wa ke ba da izinin shiga, wa ke raba gardama idan biyu sun kama kifi ɗaya, wa ke tsawata wa yaron da ya zuba guba a tafki. Yaro yakan shiga sana'a ya tarar da waɗanda suka riga shi, su koya masa, su kuma kwaɓe shi.

Sana'ar da na ci abinci da ita har na yi ritaya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikina shi ne rubuta takardun bayani ga manoma: yadda ake yayyafa irin shinkafa a dasa shi bayan kamar kwana 21, nawa za a zuba na taki kuma yaushe, yadda ake haɗa maganin feshi, yadda ake canja baƙin mai a injin ban-ruwa. A gida Augie idan aka tambayi mahaifiyata aikin da nake yi, sai ta ce malamin gona ne, amma na cikin ofis. Ba ta yi kuskure ba.

Da malamin gona na fara. Bankin Duniya ya soma shirye-shiryen bunƙasa aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, zuwa farkon shekarun 1980 kuma abin ya game tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Argungu da Birnin Kabi suke cikinta kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991. Tsarin da aka zo da shi mai tsauri ne. Duk mako biyu a tara malaman gona a koya musu saƙon da za su kai, su hau babur su zagaya ƙauyukansu a ranakun da aka yanka, duk wata kuma manya su zauna da masu bincike. Saƙon daga masu bincike na Samaru yake fitowa, na shinkafa kuma daga na Badeggi, da Turanci, cikin kilo da lita da hekta. Dole wani ya mayar da shi takardar da malamin gona zai iya karantawa a gindin itace, ko a karanta a Rima Rediyo. Da aka lura hannuna ya faɗa da rubutun boko, sai aka ɗauke ni daga babur aka ajiye ni gaban tafireta.

Tafiretar nan ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Sai ka gama buga sitansil ka bi shi da tsinin biro kana yi wa haruffa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora a injin Gestetner a juya da hannu. A lokacin kuma kwarin Rima kansa yana sauya kama. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, ga kuma farin da aka sha a waɗannan shekaru. Ambaliyar da iyayenmu suka san lokacinta, wadda jar shinkafarmu ta gargajiya ke tashi tare da ita tana ƙara tsawo, ta daina zuwa yadda aka saba. Da shirin Fadama ya shigo a farkon shekarun 1990, sai rijiyoyin bututu da ƙananan injuna suka cika fadama. Mutumin da kakanninsa suka san shinkafa fiye da duk wani mai digiri ya wayi gari yana bukatar a gaya masa abin da zai yi idan fulogi ya yi baƙi. A nan ne takarda ta zama abin da ake nema.

Abin da ya bambanta wannan rubutu da sauran shi ne inda kuskurensa yake zuwa. Idan mawaƙi ya karya ƙafiya, a wurin za a gaya masa. Idan ɗan jarida ya yi wa wani ƙage, gobe mai abin zai zo ofis. Mai rubuta bayanin aiki kuwa, kuskurensa gona yake tafiya, ba ya kuma dawowa. Manomin da shinkafarsa ta ƙone bayan feshi zai ce maganin jabu ne, ko irin ba shi da kyau, ko ya ce haka Allah ya ƙaddara. Ba zai taɓa zargin jimlar da ke layi na huɗu ba. Sai marubuci ya shekara ashirin yana maimaita abu guda cikin natsuwa, kowa yana gaishe shi da aiki. Shugabanka a ofis zai duba ko alƙaluman sun yi daidai da na masu bincike, kuma za su yi daidai. Ko mutum zai iya aiki da su, wannan wata tambaya ce daban, ba kuma aikinsa ba ne ya yi ta.

Bari in ba da misali da lissafi, don a nan ne abin yake. A ce jikin galan an rubuta lita 4 ga kowace hekta. Manomi bai auna gonarsa da hekta ba, da yawan irin da take ci ya san ta. Abin da ke gabansa tankin goyo ne. Idan mai feshi yana cinye lita 200 na ruwa a hekta, tankinsa kuma mai lita 20 ne, to tanki 10 zai yi, kowane tanki ya sami mililita 400 na magani. Idan tankin mai lita 16 ne, sai ya zama 320. Idan mai feshin yaro ne mai sauri, ko bakin feshin ya buɗe saboda tsufa, lita 200 ɗin ma ta tashi daga aiki. Bayan duk wannan, da me zai auna mililita 400? Da gwangwanin madara, alhali gwangwanayen ba girmansu ɗaya ba? Da murfin galan? Kowane marubuci a kowace jiha yana zaune shi kaɗai yana yanke wannan hukunci, kowa da nasa, manoma kuma suna haɗuwa a kasuwa suna gwama abin da aka gaya musu.

Ƙungiyar da ta dace da mu sak babu ita, don haka a gidajen maƙwabta muka raɓa. Na farko shi ne na masu faɗakar da manoma. Tarukan da ake kira a Zariya, a cibiyar da yanzu ake ce wa NAERLS, su suka fara haɗa ni da masu irin aikina, daga baya kuma na yanki katin ƙungiyar masana wannan fanni ta ƙasa, AESON. Yawancin abin da ake gabatarwa a zauren taro bincike ne na malaman jami'a, da Turanci mai nauyi. Ribata a waje take, wajen cin abinci da bayan sallar la'asar. A nan na haɗu da mai rubuta wa manoman koko da Yarbanci, da mai rubuta wa manoman doya da harshen Tibi, na tarar ciwonmu ɗaya. A nan kuma wani dattijo da ya daɗe a aikin, mutumin wajen Kano, ya ba ni abin da ya fi duk wani kwas da na taɓa yi.

Ya ce, "Ɗana, idan ka gama takarda kada ka tambayi mutum ko ya gane. Bahaushe ba zai ce wa malami bai gane ba. Ba shi takardar, ba shi tanki da ruwa da gwangwani, ka ce ya yi. Kai kuma ka kama bakinka."

Na ce, "Baba, idan na ga zai ɓata fa?"

Ya ce, "Ka bar shi ya ɓata. Ruwa ne. Inda ya tsaya yana juya takarda, nan ne aikinka yake."

Kama bakin nan ya fi komai wuya. Amma tun daga lokacin ban sake sakin takarda ba sai wani wanda bai taɓa ganinta ba ya yi aiki da ita a gabana. Daga baya na ji cewa masu rubuta littattafan injuna da na kwamfuta a Turai haka suke yi, har da ɗakuna na musamman da kyamara. Mu inuwar mangwaro muke da ita a bakin fadama.

A irin zaman nan na bayan taro ne wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana cewa matsalar awo tana da magani idan masu sana'a suka haɗa baki. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, an tsayar da awo guda na ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, goma na sukari ko ƙwaya biyar, a cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. A wajenmu ba mai ambaton kwalbar farko, ta lemo ake faɗa. Awon nan shi ne a asibiti, shi ne a rediyo, shi ne a bango. Uwa a Augie da uwa a Abakaliki abu ɗaya suka ji. Ba hazaƙar marubuci guda ce ta yi wannan ba. Zama aka yi, aka yi gardama, aka tsaya a kan abu ɗaya, kowa ya haƙura da nasa.

Mu ba mu kai nan ba, amma mun yi ɗan abin da za mu iya. Mu kaɗan daga jihohin da ke rubutu da Hausa muka riƙa aika wa juna takardunmu ta gidan waya ko ta hannun direbobi kafin a buga, kowa ya gwada ta ɗan'uwansa a wurinsa. Wanzami komai gwanintarsa wani ne ke aske masa ƙeya. Na tuna wata takarda da abokin aiki ya aiko daga gabas kan adana wake, tsaf da ita, Hausa kamar a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Na miƙa wa wani kawuna a Augie, ya karanta a hankali, ya ɗago.

Ya ce, "Wanga kwano da yac ce, na kasuwassu ko na tamu?"

Na ce, "Kawu, ai kwano kwano ne."

Ya ce, "A'a. Kai dai ba ka auna hatsi ba."

Na rubuta wa mai takardar, ya sa aka auna nasu a sikeli, ni ma na auna namu, suka ƙi haɗuwa. Daga nan muka yi ƙa'ida tsakaninmu: duk inda aka ambaci kwano ko tiya ko gwangwani, a faɗi nauyinsa ko a zana hotonsa. Ba wanda ya sa mu, ba kuma wanda ya biya mu.

Gida na biyu na masana harshe ne. Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya da ke Jami'ar Bayero ta daɗe tana tara malamai da 'yan jarida da masu fassara, kuma daga irin tarukanta, da wanda aka yi a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar, aka sami ƙa'idojin da muke bi. Wani zai ce ina ruwan manomi da inda aka raba kalma ko aka haɗa ta. Mai karatu da ƙyar shi ya fi kowa bukatar a rubuta abu iri ɗaya kullum, don da siffa yake gane kalma. Takardunmu kuma ba sa tsayawa a kan iyaka. Suna bin 'yan kasuwa ta Kamba da Kangiwa su shiga Gaya da Dogondutsi. A wurin waɗannan malamai na sami hujjar abin da nake yi da ka: a rubuta da daidaitacciyar Hausa, malamin gona kuma ya karanta wa mutane da Kabancinsu. Su ne kuma suka ƙarfafa mini gwiwa kan ajami. A ƙauyukanmu masu karanta ajami sun fi masu karanta boko a cikin dattawan da ke da gonakin, kuma takardar da aka yi da ajami ba a yar da ita a ƙasa, ninke ta ake yi a sa a aljihu.

Gida na uku na marubutan adabi ne. Chinua Achebe da abokansa sun kafa ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, a 1981, a Kano kuma su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi ƙungiyar Raina Kama. Na zauna da irinsu ina jin kaina baƙo, mai takardar taki a cikin masu labarin soyayya. Amma su suka san maɗaba'a mai araha, su suka san yadda littafi ke isa kasuwar ƙauye ba tare da motar gwamnati ba, kuma su ne kaɗai suka taɓa tambayata dalilin da zai sa mutum ya karanta takardata har ƙarshe.

Kada a ɗauka abin duk daɗi ne. Kuɗin shekara daga albashi yake fita, haka kuɗin mota zuwa Zariya ko Kano, a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya mayar da albashi abin dariya. Uwargidana ta taɓa ganin rasit ta ce, "Malam, wagga ƙungiya taku mi taka rabawa?" Ba ta raba komai. Ba ta taɓa samo mini aiki ko ƙarin girma ba, katinta kuma ba wanda ya taɓa neman ya gani. Akwai wata da na shiga na fita, ba zan kama suna ba, wadda taronta ya koma zaɓe da raba lambar yabo ga masu kuɗi, a yi awa uku ana gaishe da manyan baƙi, a ba aikin da ya tara mu minti ashirin. Duk ƙungiyar da ba a kawo aikin hannu a shimfiɗa a tsakiya a soke shi ba, a ganina kulob ce ta shan lemo.

A wasu ƙasashe sana'ar ta sami gidan kanta. A Amurka masu rubuta bayanin injuna da na'urori sun fara haɗa kai tun 1953, ƙungiyar da aka sani daga baya da STC, mai mujallu da gasa da rassa a ƙasashe da dama. Da na fara jin labarinta na yi kwaɗayi. A watan Janairu na 2025 ta rufe, mambobi sun ragu, kuɗi ya kasa. Abin da mutum yake biya don ya samu a da, yanzu yana samunsa kyauta a intanet. Takwararta ta Jamus kuwa, tekom, wadda aka kafa a 1978, tana nan da ƙarfinta. Ina ganin dalilin bai rasa nasaba da doka ba: a Tarayyar Turai ba a sayar da inji sai da littafin bayaninsa cikin harshen ƙasar da za a yi aiki da shi, kuma idan bayanin ya jawo haɗari kamfani ne zai amsa. Inda kuskure yake dawowa kan mai shi, a nan ake neman ƙwararre, ƙwararru kuma su nemi juna. Injin da ake sayarwa a kasuwar Argungu, takardar cikin kwalinsa da Turanci take, wani lokaci da Sinanci, yawanci ma a shago ake barinta.

Bukatar kuwa ƙaruwa ta yi. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kabi a Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya cika kwarin nan, irin shinkafa FARO 44 ko'ina, maganin ciyawa da na ƙwari a kowane shago. Da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, sai injuna masu aiki da hasken rana da masu gas suka shigo, kowanne da nasa sharuɗɗan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, alhali buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, ya riga ya shigo ƙasar nan. Yau mai gaya wa manomi awo shi ne yaron shago, ko saƙon murya da aka turo ta WhatsApp, ba a san wanda ya fara faɗarsa ba.

Ɗiyar ƙanena tana wannan aiki yanzu, tana rubuta wa wata ƙungiyar agaji saƙonnin waya da na rediyo. Tana da kwamfuta mai ƙ da ɗ, ba ta san wahalar sitansil ba. Tana cikin wani zaure na waya tare da masu irin aikinta daga Sakkwato, Katsina da Maraɗi, kuma abin da muke jira wata guda ta gidan waya su kafin magariba sun gama shi. Na roƙe ta ta nuna mini. Suna da kaifi, suna kuma gaya wa juna gaskiya fiye da yadda muke yi, don ba sa jin nauyin juna. Abin da na lura shi ne ba mai ajiye abin da aka yanke. Tambayar tanki mai lita 16 da mai 20 ta taso bara, aka warware ta, bana wani sabo ya sake kawo ta, aka ba shi amsa uku mabambanta. Na ce mata su naɗa mutum guda ya riƙa rubuta duk awon da suka amince da shi a wuri ɗaya, su sa ɗan kuɗin wata ko na kati ne, su kuma nemi wani daga Samaru da wani daga sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa duba musu.

Ta ce, "Baba, da zarar an ce kuɗi, rabinsu za su fita."

Na ce ta fara da rabin da suka rage. Ta ce za ta kawo maganar bayan girbi, idan aiki ya yi sauƙi.